Horar da Ma'aikatan Ruwa da Matsayin Harshe: Abin Lura Daga Kwarin Haɗejiya

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970 gwamnatocin ƙasashen da ke gefen Hamada suka ba da ƙarfi ga horar da ma'aikatan ruwa. A Nijeriya an kafa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a unguwar Mando ta Kaduna cikin 1979, inda ake koyar da auna ruwa, da haƙar rijiyar burtsatse, da kula da madatsai. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, wadda ke horar da masu nazarin yanayi da gudanar koguna daga ƙasashen Sahel. A Wagadugu kuma akwai makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli, wadda aka samar cikin 2006 ta hanyar haɗe wasu tsofaffin makarantu biyu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta duba wani ɓangare na wannan horo da ba a cika kula da shi ba, watau harshen da ake bayar da shi, da kuma al'adun mutanen da ɗalibi zai je ya yi wa aiki bayan ya karɓi takardarsa. Za a ɗauki kwarin kogin Haɗejiya a matsayin misali, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Yadda manufar horon ta sauya

A farkon al'amari abin da ake so ma'aikacin ruwa ya iya shi ne gini. Fari na 1972 zuwa 1974 ya firgita hukumomi, kuɗin man fetur kuma ya samu, saboda haka aka ga babu abin da ya fi a tare ruwan damina a ajiye don noman rani. An kafa hukumomin raya kwarin Cadi da na Sakkwato-Rima cikin 1973, sa'an nan cikin 1976 aka raba ƙasar baki ɗaya ga hukumomi 11 irin waɗannan. Injiniyan wancan zamani ya san ƙarfin kankare, ya san faɗin magudana, ya kuma san yawan ruwan da alkama ke sha. Abin da ba a koya masa ba shi ne tambayar wanda yake amfani da ruwan kafin a tare shi.

Sakamakon wannan giɓi bai daɗe ba ya bayyana. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, cikin 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta jiran diyya, waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadamun shinkafa. A watan Afrilu na 1980 rikicin ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Borno kuwa, an haƙa babbar magudana don a jawo ruwan Tafkin Cadi zuwa gonakin alkama da shinkafa, sai tafkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ya bar bakin magudanar a kan tudu.

Irin wannan ya faru a ƙasashe da dama, shi ya sa taron masana da aka yi a Dabilin, babban birnin Ailan, a watan Janairu na 1992 ya fito da ƙa'idoji huɗu: cewa ruwan daɗi yana da iyaka kuma yana iya lalacewa, cewa a sa masu amfani da shi cikin shawara, a kuma yanke hukunci a mataki mafi kusa da su, cewa mata suna da babban matsayi wajen samar da ruwa da kiyaye shi, da cewa ruwa yana da daraja ta kuɗi. Daga nan ne aka sami manufar nan ta duban kogi tun daga mafarinsa har zuwa maƙurarsa a matsayin abu guda, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin muradunta na 2015, da fatan a cim mata kafin 2030. Cibiyar Kaduna ma ta bi wannan sauyi, har ta zama mazaunin wata cibiyar yanki da hukumar UNESCO ta amince da ita a farkon shekarun 2010 don koyar da wannan fanni.

To, amma duk wanda ya dubi ƙa'ida ta biyu da kyau zai ga cewa ta ɗora wa ma'aikacin ruwa nauyin da tsohon horo bai shirya shi ya ɗauka ba. Shawara da jama'a magana ce, magana kuwa da harshe ake yin ta.

Kwarin Haɗejiya

Kogin Kano da kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma ya taso ne daga duwatsun Jos ya ratso ƙasar Bauci. Bayan garin Haɗejiya ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rarrabu cikin rassa da yawa tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, ya yi fadamun nan da aka sani da fadamun Haɗejiya-Nguru. Abin da ya tsira daga nan shi ne yake haɗuwa a wajajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda ƙarshensa ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Difa ta Nijar kafin ya faɗa Tafkin Cadi.

A da, ruwa yakan cika fadamun da damina ya kuma janye da rani, rayuwar mutane kuwa tana tafiya ne bisa wannan zuwa da komawa. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwa, in ya janye ya bi laka da wake ko wani amfanin da raɓar ƙasa ke isa. Masunci ya kama kifi a tafkunan da suka rage. Bafillace ya gangaro da shanunsa da rani su ci ɗanyar ciyawa da karan da aka bari. Ruwan da ya nitse a ƙasa kuwa shi ne yake ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin. Wuri ɗaya ke nan yana yi wa mutum uku ko huɗu aiki a shekara, kowa da lokacinsa.

An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, an kuma tsara ta ne ta riƙe kusan mita kubik miliyan 2,000 na ruwa. Ita ce ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura, tana kuma cikin masu ba birnin Kano ruwan sha. Madatsar Calawa, a ƙasar Ƙaraye, ta biyo baya cikin 1992. Amfanin waɗannan ayyuka ba a ɓoye yake ba. Duk wanda ya ga kasuwar shinkafa da tumatir a kan hanyar Kano zuwa Zariya ya san haka. Sai dai madatsan sun sauya halin kogin ta fuska biyu. Ambaliyar damina ta ragu, sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya sa rassan da suka saba bushewa suka daina bushewa.

Wannan na biyun shi ne ya zo da abin da ba a zata ba. Akwai wata ciyawa mai suna kacalla, wadda ke son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da ta sami abin da take so sai ta yaɗu, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali ya karkata zuwa reshen Marma, ya malale gonaki da garuruwa a wajen Nguru, alhali wasu rassan, kamar Burum Gana, suna ƙishirwa. Cikin kacallar kuma tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya, suna fitowa su cinye gero da shinkafa. Watau a kwari guda, a shekara guda, wani ƙauye yana kukan ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa yana kukan babu. Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, in aka auna da yawan ruwan da aka sha, amfanin da ake samu a fadamun ta hanyar noma da su da itacen wuta ya fi wanda ake samu a gonakin noman rani na kogin Kano nesa ba kusa ba. Babu wanda ya yi wannan lissafi kafin a yi gini.

Ga kuma rarrabuwar iko. Saman kwarin yana hannun hukumar Haɗejiya-Jama'are mai mazauni a Kano, ƙasansa yana hannun hukumar kwarin Cadi mai mazauni a Maiduguri, jihohi shida kuma, watau Bauci da Borno da Filato da Jigawa da Kano da Yobe, kowace tana da ma'aikatarta ta ruwa. Sai cikin 2006 waɗannan jihohi da gwamnatin tarayya suka kafa asusu guda don kula da kwarin baki ɗaya. Ɗalibin da aka horar a yau a kan duban kogi a matsayin abu guda, nan ne irin wurin da za a tura shi. Zai zauna da manomin Kura, da masuncin Nguru, da makiyayin da ya fito daga nesa, ya nemi su yarda da rabon da ba zai gamsar da kowa ɗari bisa ɗari ba. Wasunsu Badawa ne, wasu Barebari, wasu Fulani, amma harshen da ya haɗa su a kasuwa da wurin taro shi ne Hausa. Shi kuwa da Ingilishi ya yi karatunsa duka.

Matsalar kalmomi

Ana iya cewa ai ɗalibin Bahaushe ne, ko kuma yana jin Hausa, saboda haka babu wata wahala. Wannan zato yana da rauni. Jin harshe daban, iya bayyana ilmin da aka koya da wani harshe a cikinsa kuma daban. Abin da akan gani a tarurruka shi ne jami'i ya fara jimla da Hausa, in ya zo kan kalmar da ke ɗauke da nauyin maganar sai ya jefo ta da Ingilishi, ya wuce. Masu sauraro su gyaɗa kai don ladabi, a rubuta a rahoto cewa an yi shawara da jama'a.

Kalmar da aka fi amfani da ita a rediyo da takardun hukuma wajen fassara sunan wannan fanni ita ce sarrafawa. Amma Bahaushe yana sarrafa abin da ke hannunsa ne, kamar yadda maƙeri ke sarrafa ƙarfe ko mace ke sarrafa gyaɗa ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli. In aka ce hukuma za ta sarrafa ruwan kogi, abin da manomin da ke ƙasa zai ji shi ne ruwan ya zama nata, za ta juya shi yadda ta ga dama. Wannan kuwa shi ne ainihin tsohuwar manufar da ake so a rabu da ita. Kulawa ta fi sauƙi a kunne, sai dai ba ta ƙunshi rabo ba. Kalmar da ta fi kusa da abin da ake nufi ita ce tattali. Mai tattali yana amfani da abu yana kuma tuna gobe. Uwargida tana tattalin hatsin rumbu don ya kai iyali kaka. Saboda haka tattalin ruwa ya haɗa ma'ana biyu da Ingilishi ke buƙatar kalmomi biyu kafin ya faɗe su, watau gudanarwa da ɗorewa. Ɓangaren da ya shafi iko, wato wa ke yanke hukunci kuma wa zai tuhume shi, shi ne za a iya kira hukuncin ruwa ko tsarin rabon ruwa, gwargwadon wurin da maganar ta faɗo.

Ta wani gefen kuma Hausa ta fi littafin ɗalibin wadata. Tana rarrabe kogi da gulbi da rafi da ƙorama. Tana rarrabe tafki, wanda kan daɗe, da kududdufi, wanda sau da yawa ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwa ya taru a ciki. Akwai idon ruwa, akwai mashaya, akwai mashigi, akwai gurbi. A wajen ƙasa akwai fadama da tudu da jigawa da laka da dabaro, kowace da irin ruwan da take riƙewa da irin amfanin da take karɓa. Kalmar fadama ma har ta shiga Ingilishin hukumomi, tun da aka sa wa shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990 sunanta, saboda ba a sami wata kalmar da ta yi daidai da ita ba. Ɗalibin da ya san waɗannan kalmomi da bambancinsu zai iya zana taswirar ƙauye daga bakin dattawa cikin yini guda, ya kuma ji tarihin inda ruwa ya saba bi kafin a kafa ma'auni ko ɗaya a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'auni ma yana buƙatar fassara. Mita kubik ba ta nufin kome ga mai lambu, amma in aka ce masa durom 5 ne, ko jarka 50 mai cin lita 20, ya gane. In aka ce za a saki mita kubik 10 a kowace daƙiƙa, durom 50 ke nan kafin a ƙifta ido. Wannan ƙaramin abu ne, amma da shi ne mutum zai iya yin gardama, wanda kuwa ba zai iya gardama ba, ba a yi shawara da shi ba.

Masana harshe sun taɓa yin irin wannan aiki ga fanninsu: Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito cikin 1990, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi har suka zauna a bakin ɗalibai. Fannin ruwa yana jiran irin wannan hidima, kuma ba za ta yiwu ba sai malamin Hausa da injiniya da masunci sun zauna a tabarma ɗaya.

Sarautu da dokokin da aka tarar

Horon zamani yakan ɗauka cewa sai an kafa wa jama'a kwamiti kafin su sami tsarin ruwa. Gaskiyar magana ita ce akwai tsari tun kafin hukuma ta zo. A garuruwan bakin kogi akwai Sarkin Ruwa, wanda ke da ikon hana su a wani gurbi har kifi ya girma, sa'an nan ya ba da rana a shiga gaba ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a sigarsa ta yanzu cikin 1934, a kan wannan al'ada ya ginu, haka ma na Badawa a Gorgoram. Wanda ya cire kiɗa da baƙi daga bikin zai ga dokar hana kamun kifi ce ta wani lokaci, irin wadda littattafan zamani ke koyarwa. Akwai kuma burtali da mashaya, waɗanda dagaci da arɗo suka san iyakokinsu. Yawancin rigingimun manoma da makiyaya a fadamu sun taso ne lokacin da injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, lambuna suka faɗaɗa har suka rufe hanyar da shanu ke bi su sha.

Ba a ce waɗannan sarautu ba su da aibi ba. Wani Sarkin Ruwa yakan fifita danginsa, baƙo da talaka kuma ba kullum ake jin muryarsu ba. Ikonsa ma bai wuce ƙasar garinsa ba, ba shi da ta cewa a kan ƙofar madatsar da ke nisan ɗaruruwan kilomita. Amma jami'in da ya kafa kwamiti ya tsallake shi ya sami abokin hamayya tun kafin ya fara aiki.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, yana da nasa babi a kan ruwa. Ya san haƙƙin mai ƙishirwa da dabbarsa, ya san haramin rijiya, watau filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ita a ciki ba. A game da ruwa mai gudu kuwa, hukuncin da aka rawaito shi ne na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Wannan ita ce maganar Tiga da Gashuwa a taƙaice, kuma magana ce da limamin kowane ƙauye zai gane.

A nan ne ƙa'ida ta huɗu ta Dabilin take buƙatar lura. In jami'i ya tsaya gaban jama'a ya ce ruwa haja ne, zai gamu da wanda zai tuna masa cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Amma malaman fiƙihu sun bambanta ruwan da ke kogi da wanda mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, Bahaushe kuma bai taɓa ƙin biyan ɗan ga-ruwa ba. Abin da ake biya shi ne wahalar kawowa da gyaran magudana da man inji. In aka faɗi maganar ta haka, kuɗin ruwa ya sami gindin zama.

Ƙa'ida ta uku ma haka take. Littafin da aka rubuta don wasu ƙasashe yana nuna mace da tulu a ka tana tafiya rafi. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa matan aure suna cikin gida, yara da 'yan ga-ruwa ne ke ɗebowa, amma matan ne suka san yawan abin da gida ke sha, su ne kuma ke turara shinkafar da ake sayarwa, sana'ar da ke cin ruwa da itace. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Makarantar da ba ta horar da mata ma'aikata ba, rabin masu amfani da ruwa sun fita daga lissafinta.

Tsallaken iyaka

Matsalar ba ta tsaya a Nijeriya ba. Cikin 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar rabon ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, ciki har da ƙarshen kogin Yobe, da kogin Gada wanda ke zama Gulbin Maraɗi in ya tsallaka. Manoman tattasai na Difa suna dogara ne da ruwan da ya tsira daga fadamun Haɗejiya-Nguru, manoman kwarin Maraɗi kuma suna jin tasirin madatsar Jibiya da ke jihar Katsina. Jami'in da ya fito daga Kaduna da Ingilishi ya yi karatu, takwaransa da ya fito daga Yamai ko Wagadugu da Faransanci. A zauren taro sai an nemo musu tafinta, takardun kuma a rubuta su kashi biyu. In aka tashi shan iska suka fito waje, sau da yawa da Hausa suke gaisawa su tambayi juna iyali, da ita kuma manoman Jibiya da na Madarumfa suke cinikinsu a kasuwa ɗaya ranar da take ci.